Shayin Majalisa, Gahawar Yaya da Ruwan Bunun Auta

Assalamu alaikum Anti. 'Ya'yana uku, kuma maganar shayi na neman haɗa ni faɗa da mutanen gida. Maigidana yana da majalisa a ƙofar gida, kullum bayan isha'i sai sun dafa shayin nan na Buzaye a 'yar buta, ɗana mai shekara 6 kuma ba ya barin wurin sai an tsiyaya masa. Sha ɗayan dare yana tsalle a kan katifa, da safe kuma sai an sha fama kafin ya tashi makaranta. Babban, mai shekara 16, zai rubuta WAEC, ya koyi kaɗa Nescafé cokali biyu don ya kwana karatu, wani lokaci har da lemon nan na ƙara kuzari. Da na yi magana, Hajiya mahaifiyar maigidana ta ce iyayi ne irin na 'yan boko, ita 'ya'ya tara ta raina ana shan shayi a gidan, ba wanda ya nakasa. Auta kam, mai shekara 2 da wata 4, ba ni da matsala da ita, ruwan bunu kawai nake ba ta da burodi da safe tunda madara ta yi tsada, in ta ƙi abinci da rana ma shi nake zuba mata a fida. Anti, ya dace a bar yara su sha shayi da gahawa? Ni ce na zaƙe ko su ne ba su gane ba?

Maman Abba, Funtuwa

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana su, ya ba babban yaya sa'ar jarrabawa.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko ina ta gyaɗa kai, ina cewa baiwar Allahn nan tana da gaskiya. A karo na biyu sai idona ya maƙale a wurin da kika wuce da sauri, inda kika ce auta ba ki da matsala da ita. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, 'yar'uwa: kin bar jaki kina dukan taiki. Cikin yaran nan uku, wadda shayi ya fi yi wa ɓarna ita ce wadda ba ki kawo ƙara a kanta ba, kuma ba Hajiya ke ba ta ba, ba babanta ke ba ta ba. Da ita zan fara.

Mu nan komai shayi ne. Ruwan zafi da Milo da madara shayi ne, citta da kanumfari in an tafasa shayi ne, Lipton shayi ne, na Buzaye shayi ne. Suna ɗaya, amma abin da ke cikin kofin daban-daban. Wanda nake magana a kai shi ne wanda aka sa wa ganyen shayi na ainihi, ko na ƙulli mai zare irin su Lipton da Top Tea da Highland ɗinmu da ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ko koren ganyen nan da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, wanda maigidanki ke dafawa. Abu biyu ke cikin wannan ganye da suka shafe mu. Na farko kafeyin, mai korar barci, wannan kowa ya san aikinsa ko da bai san sunansa ba. Na biyu ba a cika maganarsa ba. Kin san baurin nan da ke kama miki harshe idan ganyen ya daɗe a ruwa, irin baurin goro? Masana suna kiran abin da ke kawo shi tanin. Idan ya haɗu da abinci a ciki, sai ya riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin, wanda 'yan asibiti ke ce wa ayon, ya hana hanji tsotse shi. Da wannan ƙarfen kuwa jiki ke ƙera jini.

Ba kuma ƙaramin riƙo yake masa ba. Gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1970 da 1980 sun nuna kofin shayi guda, in aka kora abinci da shi, yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu da fiye da rabi. Gahawa ma tana yi, sai dai ba ta kai shayi ba. Zuba madara bai warware wannan matsalar ba. Abin takaicin, ƙarfen da ya fi riƙewa shi ne na tsirrai, na wake da gero da dawa da zogale da alayyahu, wato dai abincin da yawancinmu muke dogaro da shi. Na nama da hanta da kifi bai iya masa sosai ba, to amma sau nawa yaro ke ganin hanta a wata a wannan zamani?

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini. Yara biyu cikin uku ke nan. Ban ɗora wa shayi wannan laifin duka ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila da ƙarancin abinci mai gina jiki sun fi shi hannu a ciki. Amma yaron da dama can jininsa a bakin gaɓa yake, ɗan abin da zai samu daga wake da miyar ganye kuma a bi shi da ruwan bunu a tare, ina aka dosa?

Sannan ga cikinta. Tumbin yarinya mai shekarun auta bai wuce ya ɗauki kofi guda da ɗan ɗori a zama ɗaya ba. Kin cika shi da ruwan zafi da sukari, abin da ba ya gina tsoka, ba ya gina ƙashi, sai dai ya kashe yunwa. Ki dubi yadda abin ke zagayawa: ta ƙi abinci, kin tausaya kin ba ta fida, fida ta cika ciki, an sauke tuwo ta kau da kai, kin sake tausayawa. Shi kansa ƙarancin jinin yana ɗauke wa yaro sha'awar abinci. Shi ya sa tun a 2003, a jagorar ciyar da ƙananan yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci shayi da gahawa da lemon kwalba da sunansu, ta ce a guji ba su. Ban ma shiga maganar haƙora ba. Yaron da ke yini da fidar ruwan sukari a baki, haƙoran gaba na sama su ke fara cinyewa, sai ki ga sun yi baƙi sun guntule a ce wai shan zaƙi ne na alewa, alhali alewar tana cikin fida.

Ban ga laifinki ba. Na san kuɗin gwangwanin madara, na san ƙullin Lipton ɗaya yana iya zagaye yara uku, kuma uwa ba ta iya kallon ɗanta yana kuka ciki wayam. Amma abin da za ki maye gurbinsa da shi yana nan a kasuwar Funtuwa, kuma bai kai madara tsada ba. Koko, kunun gyaɗa, ko ki soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, ki kai inji a niƙa, ki riƙa dama mata da ɗan kauri, wanda in kin karkata cokali ba ya zuba kamar ruwa. In Allah ya hore ƙwai ko ɗan busasshen kifi, ki ƙara. In lokacin mangwaro ne ko gwaiba ko lemo, ki ba ta yanki bayan abinci, domin bitamin C da ke cikinsu kishiyar tanin ne, shi taimaka wa hanji yake ya tsotsi ƙarfen. Fida kuwa ta yi ritaya, yarinya mai shekara biyu da kofi take sha. Za ta yi rigima kwana uku zuwa mako. In ta ga yayyenta da kofi ta ce sai nata, ki zuba mata ruwan ɗumi da 'yar madara ko kunu mai ruwa-ruwa, ki ce ga shayinta. Ba ƙarya kika yi ba, tunda mun ce komai shayi ne.

Yau ɗin nan, da hasken rana, ki ɗan ja fatar idonta ta ƙasa ki duba cikin. Ja ya kamata ki gani. In kin ga ya yi fari-fari, ko tafin hannunta ya koɗe, ko tana yawan kwanciya, ko kina kama ta tana cin ƙasa ko lasar bango, to kada ki tsaya. Ko ma ba ki ga komai ba, ni da zan so a auna jininta, gwajin da ake ce wa PCV, ba shi da tsada, ba ya ɗaukar lokaci. Kada dai ki biya kemis ki sayo maganin ƙarin jini da kanki. A fara sanin me ya rage jinin tukuna.

Sai mutumin majalisa.

Na san zaman nan kamar yunwar cikina, don a gidan da na tashi ma ana yi. Tabarma a shimfiɗe, gawayi ya yi ja a ɗan kurfoti, 'yar shuɗiyar buta tana ƙara, mai dafawa ya ɗaga hannu sama yana tsiyayowa cikin ɗan gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta hau. Ana hirar siyasa da ƙwallo da farashin taki. Yaro yana rakuɓe a gefen babansa, ido a kan buta. In kin yi magana, amsar da za a ba ki na san ta: ai na uku muke ba shi, ruwan sukari ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin yawancin kafeyin yana fita ne a dahuwar farko. Sai dai wannan shayi ba irin na ƙulli ba ne da ake tsomawa a cire. Ganye ne cike da hannu a ruwa kaɗan, a bar shi ya yi ta tafasa, wasu ma sukan ƙara sabon ganye a zagaye na biyu. Ƙanƙantar gilashin ba ta nuna ƙarfin abin da ke ciki.

Bari in ba ki ma'auni, don ki samu abin riƙewa in ana gardama. Hukumar lafiya ta Kanada ta ce kada yaro ya wuce miligiram 2.5 na kafeyin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a 2015, ta sa nata a miligiram 3. Ɗan shekara 6 yakan kai kilo 20, kasonsa na yini ke nan 50 zuwa 60. Kofin shayin ƙulli guda yana da wajen 40 zuwa 50. Gwangwanin Coca-Cola yana da talatin da 'yan kai. Kin ga in ya sha shayi da safe, an saya masa lemo da rana, kafin ya iso majalisa ya riga ya cinye rabonsa. Likitocin yara na Amurka ma ba su tsaya lissafi ba, da yawansu cewa suke ɗan ƙasa da shekara 12 a raba shi da kafeyin gaba ɗaya.

Amma a wurin ɗanki, lokacin ya fi yawan illa. Duk tsawon yinin da mutum ke farke, akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da jiki cewa an gaji, a kwanta. Kafeyin ba ya cire gajiya, ƙofar da saƙon ke bi yake tarewa. Gajiyar tana nan tana jira, bashi ce. Kuma ba ya saurin barin jiki: a babban mutum, bayan kamar awa biyar rabinsa ne kawai ya fita. Abin da aka sha ƙarfe tara na dare yana nan yana aiki har tsakar dare ta gota. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda za a tasa ƙarfe shida, ya kamata tara ta same shi ya yi nisa. Naki sha ɗaya yana tsalle. Wannan faman da kike sha da safe ba taurin kai ba ne, bashin jiya ake karɓa. Malaminsa ma in kin tambaye shi, wataƙila yana da labarin gyangyaɗi ko rashin zama wuri ɗaya da zai ba ki.

Ga abin da nake so ki lura da shi. Yaron nan ba shayi ke kai shi ƙofar gida ba. So yake a miƙa masa gilashi kamar yadda ake miƙa wa manya, ya kurɓa yana hura hanci, a ce kai, Malam ya girma. Wannan zaman da babansa abu ne mai kyau, uwaye da yawa nema suke ba su samu ba. Kada ki raba su. Ki raba shi da ganyen kawai. Ki tafasa na'a-na'a da 'yar citta, ko zoɓo mai ɗumi da sukari kaɗan, ki zuba a ƙaramin filas, ki saya masa gilashinsa irin nasu. Babansa da hannunsa zai tsiyaya masa, ya ɗaga sama ya yi masa kumfa in ya ga dama. Nasa zagayen shi ne na farko, takwas da rabi ya yi sallama da jama'a ya shigo. Kuma a zaunar da shi nesa da kurfoti. Ƙunar ruwan zafi a jikin yaro ba abin da ake so a gani ba ne ko sau ɗaya, haka filas ɗin cikin gida, a ɗaga shi inda hannun auta ba ya kaiwa.

Shayin safe kuwa, ɗan shekara 6 lafiyayye in ya sha marar ƙarfi jefi-jefi, a tsoma ƙullin a cire kafin ruwan ya yi duhu, ba zan tada jijiyar wuya ba. A dai ba da tazarar awa guda tsakaninsa da abinci mai nauyi, kada kuma ya zama shi ne karin kumallon. Gahawa ce ban yarda da ita ba a wannan shekarun.

Babban yaya shari'arsa ta fi sauƙi, domin shi ana iya zama a yi magana da shi. A shekara 16, kofin shayi ko na gahawa guda a rana ba abin tashin hankali ba ne. Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ga 'yan 12 zuwa 18 ita ce kada a wuce miligiram 100 a rana. Ƙaramin cokalin Nescafé guda yana da wajen 60 zuwa 80, shi kuma biyu yake kaɗawa. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da 80, manyan robobin da samari ke yayi kuwa ruwan cikinsu ya ninka wannan gwangwani. Ki karɓi robar ki juya bayanta ku karanta tare, yawancinsu da kansu sun rubuta cewa ba a so yara su sha. Ƙasar Lituweniya tun 2014 ta haramta sayar da su ga 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan lemon a bar shi kwata-kwata, babu ciniki.

Ki gaya masa abin da zai shige shi, don in kin ce lafiya, ɗan shekara 16 gani yake ƙarfe ne shi. Ki ce masa karatun da ya yi, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ɗaure shi ta adana. Wanda ya kwana ido biyu ya zuba ruwa ne a kwando: shafi ashirin da dare, da safe a nemi biyar a rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kwanta goma da rabi, ya tashi da asuba, bayan salla ya yi awa guda da rabi kai a sake, wannan ya fi masa kwanan zaune. In sai ya sha, cokali ɗaya, kuma kafin la'asar. Kada ya yanke lokaci guda ana gab da jarrabawa, domin wanda jikinsa ya saba, in ya bari kwatsam, ciwon kai yakan taso cikin yini guda, ya yi kwanaki yana damunsa. Ya rage sannu a hankali cikin mako biyu. In ciwon kan ya zo, ku lura da abin da za a sayo, don Panadol Extra kowace ƙwaya tana ɗauke da kafeyin, kin ga an gudu ba a tsira ba. In kuwa yana jin zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ko hannu na rawa, ko ƙirji na zafi, wannan na likita ne.

Saura Hajiya da ɗanta, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa kika ɗauki alƙalami.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Ta raini tara, sun rayu, ɗaya ma kin aura. Abin da ya canza shi ne matsayin shayin a gida. A zamanin da take goyo, a yawancin gidajenmu shayi na baƙo ne, na mai jego, na marar lafiya, na azumi. Yaro da koko da ƙosai yake karyawa, ko ɗumamen tuwo, da rana ya sha fura. Ba a wayi gari ana ɗura masa ruwan bunu sau biyu a rana ba, babu kuma lemon ƙara kuzari a kowane shago. Ita kanta al'adarmu ta san da wannan iyaka: goro ma kafeyin ne a cikinsa, kuma duk son Bahaushe da goro, ba ki taɓa ganin an ɓantara wa ɗan yaye ba. Na manya ne. Amma wannan hujjar ba daga bakinki za ta fito zuwa kunnenta ba. Suruka ba ta cin gardama da uwar miji, ko ta ci ta faɗi. Abin da za ki yi, ki je da ladabi ki ce, Hajiya, auta ta ƙi cin abinci, ni kunun gyaɗata ba ya daɗi irin naki, a taimaka a koya mini. Kakar da aka damƙa wa kunun jikarta ba za ta bari a cika cikin yarinyar da shayi ba, ita za ta fara faɗa in ta gani.

Maigida kuma kada ki aika yaro ya kira shi daga majalisa, kada ki yi maganar ta bayan ƙyaure abokansa na ji. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, ku biyu. Ki fara da naki laifin, ki ce ashe ruwan bunun da nake ba auta yana iya rage mata jini, na daina. Namiji in ya ga kin fara da kanki, kunnensa yakan buɗe. Sannan ki kawo maganar filas da ɗan gilashi, ba a matsayin doka ba, a matsayin roƙo: a gwada mako biyu a ga yadda tashin safe zai kasance. In da hali, ki bar masa tashin yaron na kwana biyu kafin nan, ya ɗanɗana.

Ranar da za ki kai auta awon jini, ki roƙi Hajiya ta raka ki. In an zo gaban ma'aikaciyar jinya, ki faɗi gaskiyar abin da yarinyar ke sha da safe da rana, ki tambaya ko ya dace, sannan ki ja bakinki ki yi shiru, ki bar mai farin kaya ta yi bayani Hajiya na zaune. Abin da gwajin ya nuna, ki rubuto mini.